Na sauya masu turo mini farashi

Talata

Yau dai na rabu da kamfanin da ke turo mini farashin hannun jarin Amurka. Ba faɗa muka yi ba. Sun gina hajarsu ne don mai intanet kamar ruwan famfo, ni kuwa ɗan MiFi gare ni a bakin taga, sai na tokare shi da gwangwanin madara kafin ya kama sanda uku.

Matsalarsu ɗaya, komai turowa suke yi. Duk cinikin da aka ƙulla, duk tayin mai saye da na mai sayarwa, sai ya iso kwamfutata. Da safe lafiya lau. Amma da ƙarfe biyu da rabi na rana, lokacin da kasuwar New York ke buɗewa a wannan damina, sai allon ya sandare, can kuma lambobi su zubo a tare. Abin da ya fi ci mini rai shi ne farashin da ke gabana ya riga ya tsufa, kuma babu abin da ke nuna mini hakan. Gara ma a ce sabis ya ɗauke, na san inda nake. Ga kuɗin data, tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 kowane megabait lissafinsa nake yi.

Sabon kamfanin yana barin mutum ya zaɓa. Na ce kyandir ɗaya a minti ya ishe ni, wato farashin buɗewa, mafi sama, mafi ƙasa, na rufewa, da yawan abin da aka sayar. Kamfanonin da nake bi kawai. Idan layi ya yanke ya dawo, yana cike giɓin da kansa.

Sai dai sauyin ya ci mini wuni. Agogonsu na UTC ne, wato agogon GMT, awa ɗaya bayan namu, na da kuwa agogon New York yake bi, dole na daidaita tsofaffin bayanai. Kamfanin Berkshire da na san lambarsa a kasuwa da BRK.B, su BRK-B suke rubutawa, manhajata ta yi ta cewa babu shi. Na buɗe tarihin farashin kamfanin Nvidia kuwa gabana ya faɗi, na ga a Yunin 2024 ya rikito daga sama da dala dubu zuwa ɗari da 'yan kai. Ashe raba hannun jari ɗaya gida goma da suka yi ne, su kuma ba sa gyara tarihin sai ka nema.

Na rasa ganin jerin tayin masu saye da sayarwa, kuma zan yi kewarsa. Amma yau an buɗe kasuwa allon bai tsaya ba. Zan bar tsohon rajistar zuwa ƙarshen wata, in riƙa gwada farashin rufewa na ɓangarorin biyu kafin in soke.