Tsohuwar motar kawu da raƙuman dawan Gadabeji

Shekara goma sha biyar motar nan ta yi tana zaune a bayan gidan kawuna a unguwar Bagalam ta birnin Maradi, tayoyinta sun sace sun nutse cikin ƙasa, kaji suna ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba. Volkswagen Kombi ce ƙirar 1978, irin wadda aka shirya cikinta domin kwana, da gado mai naɗewa da ƙananan kabad da wurin ajiye ruwa. Kawu ya saye ta ne a hannun wasu Turawa daga cikin waɗanda a wancan zamanin suke ratso Sahara ta Tamanrasset da Asamaka da Arlit su sauko Agadas, su sayar da motocinsu a ƙasar nan su koma gida a jirgi. Ya yi shekaru yana kai kaya kasuwannin ƙauye da ita har injinta ya tsaya. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, masu sayen tsohon ƙarfe suka yi mata kuɗi a kan kilo, ni kuwa na roƙi 'ya'yansa su sayar mini, suka yarda.

Abin da ya sa na ɗauko wannan aiki wata tambaya ce da 'yata ta yi mini tana aji huɗu a lakwal. Ta ga hoton raƙumin dawa a littafi, sai ta ce, "Baba, ka taɓa ganinsa da idonka?" Ban taɓa gani ba, alhali kuwa a jiharmu ta Maradi, arewa da Dakoro, akwai gandun dajin Gadabeji wanda aka keɓe tun 1955, mai faɗin hekta 76,000, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin wuraren kare halittu na duniya a 2017. A ƙarshen 2018 an kwaso raƙuman dawa takwas daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su a mota aka sake su a can, bayan kusan shekara hamsin da ɓacewarsu daga wurin, kuma an ƙara huɗu a 2022. Duk wannan ya faru a ƙofar gidanmu, amma ni da na girma a Maradi labarinsa kawai na ji a rediyo.

Gyaran ya ci wata goma sha huɗu. Bakaniken da ya karɓi aikin dattijo ne da ya koyi sana'a tun lokacin da irin waɗannan motoci suke yawo a gari, kuma ranar farko da ya buɗe murfin baya ya daɗe yana kallon injin kafin ya ce, "Malam, wannan ba ta shan ruwa, iska ce take sanyaya ta. In ka kula da iskarta za ta kai ka inda kake so, in ka yi sakaci kuma za ta ƙone a hanya." Daga baya na fahimci abin da yake nufi. Injin yana baya, mai silinda huɗu a kwance biyu-biyu suna fuskantar juna, ba shi da tankin ruwa ko kaɗan, fanka ce guda take hura iska a kansa, kuma bel ɗin da yake juya janareto shi ne yake juya fankar. In bel ya tsinke direba bai tsaya nan take ba, cikin 'yan mintoci inji ya tafi. Haka nan faifayen ƙarfe da robar da suka kewaye injin, waɗanda mutane da yawa suke cirewa su yar suna ganin ba su da amfani, su ne suke hana iska mai zafi ta ƙasa komowa sama. A garin da zafin watan Afrilu yake wuce digiri 40, wannan roba ta fi fenti muhimmanci, saboda haka ita muka fara nema.

Sa'armu ita ce injin ɗaya ne da na ƙaramar Volkswagen da aka riƙa harhaɗawa a Legas tun 1975, don haka kayan gyaransa ba su ɓace daga kasuwa ba. Wani ɗan uwa mai zuwa Kano ya samo mana fistan da zobba da buji, wanda a can suke kira fulogi, a kasuwar Ƙofar Ruwa. Sauran kuwa hannu ne da haƙuri. Na zauna na ga dattijon yana daidaita bawul ɗaya bayan ɗaya da sassafe, injin yana sanyi, yana zura wani siririn ƙarfe mai kaurin milimita 0.15 yana janyewa a hankali, ba ya kallon hannunsa ma, yatsunsa ne suke gaya masa ko ya yi daidai. Ya koya mini cewa injin ba shi da matatar baƙin mai irin ta motocin yanzu, 'yar raga ce kawai a ƙasa, kuma lita biyu da rabi kaɗai yake ɗauka, saboda haka a ƙurarmu wajibi ne a riƙa sauya man da wuri.

Jikin motar bai ba mu wahala sosai ba, domin bushewar ƙasarmu ta hana tsatsa cin ƙarfen, in ban da ƙasan ƙofa da wurin batir da mai walda ya yanke ya lika sabo. Gara ce ta cinye katakon ciki ƙaf. Kafinta ya sake ƙera gadon da kabad bisa tsohon zubi, tela ya ɗinka labule da rigar katifa, muka ɗora farantin sola guda a kan rufi domin fitila da cajin waya, muka ɗaure bido biyu na ruwa a bayan kujera. Wasu abokai sun ce da kuɗin da na kashe da na ƙara kaɗan na sayi mota mai aiki, kuma ta fuskar lissafi ba su yi ƙarya ba, sai dai abin da nake nema ɗaki ne mai tafiya wanda zai ba ni damar kwana a daji da iyalina.

Mun tashi a watan Janairu bayan sallar asuba, ni da mai ɗakina da yara biyu da yaron bakaniken. Kafin haka na nemi izinin ma'aikatan gandun daji, na kuma tambayi halin tsaro a hanyar, kuma ina ba duk mai niyyar zuwa shawarar ya yi hakan, kada ya dogara da labarin bara. Daga Maradi zuwa Dakoro babu matsala. Bayan Dakoro ne gonakin hatsi suka fara raguwa, rairayi ya ƙaru, garken shanun Fulani da raƙuman Buzaye suka maye gurbin amalanke. Nauyin inji a kan tayoyin baya yana taimaka wa Kombi a yashi, musamman in an rage iskar taya, amma duk da haka sau biyu muka kafe, na biyun ma sai da wasu samarin makiyaya suka bar rijiya suka zo suka tura mu, suka ƙi karɓar komai sai shayi.

Mun kwana kusa da mazaunin ma'aikata. A nan ne na gane amfanin wahalar da muka sha, domin wanda ya zo da hantsi ya juya da la'asar bai ga daji ba, zafinsa kawai ya gani. Da asuba sanyi yana ratsa bargo, dila yana kuka daga nesa, mai yi mana jagora ya ƙwanƙwasa gilashi a hankali ya ce mu fito ba tare da magana ba. Mun yi tafiya kaɗan a mota, sannan muka taka da ƙafa, ƙarangiya tana kama mana wando. Barewa biyu suka tsallake gabanmu, tuje ya tashi da ƙyar kamar ba zai iya ɗaga jikinsa ba. Sai jagoran ya tsaya ya nuna wata itaciyar ƙaya, na duba ban ga komai ba, har sai da abin da na ɗauka reshe ne ya juyo ya kalle mu.

Uku ne, launinsu ya fi na hoton littafi haske, kamar rairayin da suke tsaye a kai. Babbar ta zuro harshe baƙi mai tsawo ta naɗe ganye daga tsakanin ƙayoyi ba tare da ko ɗaya ta soke ta ba, tana taunawa tana kallonmu da manyan idanu masu gashi. Da ta taka sai na lura ƙafafun gefe guda suke tafiya tare, irin tafiyar raƙumin gida. 'Yata ta riƙe hannuna da ƙarfi ba ta ce uffan ba. Jagoran ya gaya mana a hankali cewa a 1996 guda 49 kacal suka rage a duk Afirka ta Yamma, dukansu a Nijar, kuma yanzu sun haura 600. Dabbar da take ɗaukar ciki wata goma sha biyar ta haifi ɗa guda ba ta yawaita da gaggawa, shekaru ne na haƙurin manoman da suka bar ta tana ci musu wake ba su kashe ta ba.

Na daɗe ina jin mutane suna cewa yawon gandun daji al'adar Turawa ce, kuma wannan magana tana yi mini ciwo. Babban gandun ƙasarmu na W, wanda ya samo sunansa daga lanƙwasar kogin Kwara, an kafa shi a 1954, ya shiga jerin kayan tarihin duniya a 1996, yana da giwaye da ɓauna da dorina, amma rashin tsaro ya sa yau ba a shigarsa yadda ake yi a da. Kure ma baƙi sun ƙaurace mata tun harin da aka kai a watan Agustan 2020. In mun ce sai baƙi sun zo sannan waɗannan wurare za su yi daraja, to ranar da baƙi suka daina zuwa babu mai tsaya musu. Dattawanmu suna ba da labarin giwaye a dajin Baban Rafi, kudu da mu, yaranmu kuwa itacen girki kawai suka san yana fitowa daga can. Ban raina kukan makiyayin da yake ganin ciyawa a cikin gandu alhali dabbobinsa suna rama a waje ba, kuka ne na gaskiya, kuma wanda ya je ya zauna da su a bakin rijiya ne kaɗai zai iya yin maganar da adalci.

A hanyar komowa bel ɗin fanka ya tsinke kusa da Dakoro. Na ga jar fitila ta kama na tsaya nan take kamar yadda dattijon ya umarce ni, yaronsa ya ciro sabo daga ƙarƙashin kujera ya ɗaura cikin minti ashirin. Muna jira a inuwar aduwa 'yata ta buɗe littafinta na lakwal a shafin raƙumin dawa, ta ɗauki fensir ta rubuta kwanan wata da sunan Gadabeji a ƙarƙashin hoton.