Tsiron da ake haifar jariri da shi a dasashi

Ba kowane ƙari a baki ne ciwon daji ba, amma mu da zarar an ga tsiro sai hankali ya tashi, ko dai a yanke ƙauna ko kuma a ɗauko aska, duka biyun kuwa ba su ne ba.

Ɗiyar ƙanwata da shi aka haife ta. Wani tsiro ne a dasashin sama ta gaba, mai santsi, ja-ja haka, girmansa kamar ƙaramin goro, yana reto da siririn wuya, in ta buɗe baki za ta yi kuka sai ka ga ya leƙo waje, nono ma da ƙyar take kamawa. Goggonmu ta ce wa ƙanwar tawa, "Ke kwantar da hankalinki, ai wanzami zai zo cire beli, sai ya haɗa ya yanke gaba ɗaya." Wallahi jikina sai da ya yi sanyi. Jaririya 'yar kwana uku jinin jikinta nawa ne, in ya ɓalle a tsakar gida wa zai tsayar, ga shi a baki ne, tana iya shaƙewa da shi.

Muka dai lallaɓa aka je asibiti, sashen masu tiyatar baki da muƙamuƙi, irin wanda ake da shi a Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Likitoci epulis suke ce masa, wani Bajamushe Ernst Neumann ne ya fara bayaninsa tun 1871, kuma ba kasafai ake ganinsa ba shi ya sa tsofaffin gida ma ba su san shi ba. 'Ya'ya mata ya fi kamawa nesa ba kusa ba. Abin da ya fi kwantar min da rai shi ne ba ya yaɗuwa, yawanci da an haihu ya daina girma, in an cire kuma ba ya dawowa, ƙanana ma wani sa'in likita kan ce a bari a sa ido. Wanda ke hana tsotso ko numfashi shi ake gaggawar cirewa. Nata an cire, aka kai naman gwaji don a tabbatar, wannan gwajin kuwa shi ne abin da askar wanzami ba za ta taɓa ba ka ba.

Kar a haɗa shi da wanda ke fito wa masu ciki a dasashi, wancan da ke zubar da jini in ana goge haƙori. Shi canjin sinadaran jiki ne da dattin haƙori ke tayar da shi, sau da yawa yana motsewa da kansa bayan haihuwa, in ya ƙi sai likitan haƙori ya cire.