Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Neman Gurbi da Neman Mai Biya

A makon da ya gabata na tsaya a inda na kammala hidimar ƙasa na komo Sakkwato, na samu aiki da wata ƙungiya mai taimaka wa manoman rani a yankin Goronyo da Wurno. Wannan aiki ne ya cusa mini son ƙaro karatu, domin na sha ganin gonakin albasa da na shinkafa da ƙasarsu ta fara yin fari-fari da kanwa saboda yawan ban ruwa ba tare da magudana ba. Digirin da na yi a fannin aikin gona a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya ba ni idon gane ciwon, amma maganinsa yana buƙatar karatu mai zurfi a kan ƙasa da ruwa.

Da na kai wa mahaifina maganar bayan sallar Isha'i, ya saurare ni har na gama lissafa masa sunayen manyan jami'o'in Ingila da Amurka, sannan ya ce, "Na ji. To wanga karatu, wa za ya biya?" Na ce, "Baba, ana ba da tallafi." Ya ce, "Ka fara samo mai ba da tallafin, sannan ka zo mu yi maganar makaranta."

Tambayarsa ta zo a kan gaɓa, domin shekarar 2023 ce. A watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a hukumance ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce 1,400. Iyalai da dama da suka tura 'ya'yansu da kuɗin aljihunsu sun wayi gari lissafinsu ya rushe. Ita ma hanyar Sudan, wadda mutanenmu suka daɗe da sani tare da ta Azhar da ta Madina, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu ya toshe ta, har sai da aka kwaso ɗalibanmu ta iyakar Masar.

Wani malamina na jami'a, wanda ya yi digirinsa na uku a waje, shi ya ɗora ni a kan hanya. Ya karɓi littafin rubutun da na zo da shi, ya ja layuka da biro a shafi guda, ya rubuta a saman kowane gida: mai biya, abin da yake biya, sharaɗinsa, ranar rufewa. Sunan jami'a ya sa shi a gida na ƙarshe, can bakin takarda. Na ce, "Malam, ashe ba da makarantar ake farawa ba?" Ya ce takardar samun gurbi ba ta da wuya ga mai sakamako mai kyau, kuma yana da ɗalibai da yawa da suka ajiye irinta a ƙarƙashin katifa saboda babu kuɗin tafiya.

Na fara da Chevening, tallafin gwamnatin Birtaniya na digiri na biyu mai shekara ɗaya. Yana ɗaukar kuɗin makaranta da na jirgi da na zaman wata-wata, amma yana neman wanda ya yi aiki na aƙalla shekara 2, wato awa 2,800, tare da alkawarin komawa gida na shekara 2 bayan kammalawa. Mai nema yana zaɓar kwas uku, kuma dole ɗaya daga cikinsu ya ba shi gurbi marar sharaɗi. A nan ne na ajiye manyan sunayen da na lissafa wa Baba, na rubuta jami'o'in Cranfield da Reading, domin su ne na ga manhajarsu tana magana a kan ƙasa da ruwa da noma kai tsaye. Wani sauƙin kuma shi ne, jami'o'in Ingila da dama suna karɓar sakamakon Ingilishi na WAEC a maimakon jarrabawar IELTS, wadda kuɗinta kaɗai ya fi albashina na wata. Na kuma cike fom ɗin tallafin karatu na Commonwealth, wanda a Najeriya yake bi ta hannun Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya a Abuja.

Jamus ce ta fi ɗaukar mini lokaci, saboda abin da ake yaɗawa a gari shi ne karatu a can kyauta ne. Gaskiya ne yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa, sai dai kafin a ba ɗalibi biza dole ya nuna abin da zai ci da shi, ta hanyar zuba kuɗin shekara guda a wani asusu da ake kullewa ana sakar masa kaɗan-kaɗan kowane wata, kuma a 2023 adadin ya kai yuro 11,208. Bayan haka, Jami'ar Hohenheim da ke Stuttgart, wadda ta yi suna a noman ƙasashe masu zafi kuma ita zuciyata ta fi kwantawa da ita, tana jihar Baden-Württemberg, inda tun 2017 ake karɓar yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba. Saboda haka sai na bi ta DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, wadda take da wani tsari na musamman domin ma'aikata daga ƙasashe masu tasowa, shi ma da sharaɗin aikin shekara 2, kuma takardar tallafinsa tana tsaya wa mutum a madadin wancan asusu.

Amurka kuwa tsarinta daban ne. A fannoni irin nawa kuɗin yakan fito ne daga hannun farfesan da yake da aikin bincike, ya ɗauki ɗalibi mataimaki, a yafe masa kuɗin makaranta a kuma riƙa ba shi albashi. Wannan yana nufin karanta abin da mutum ya wallafa kafin a aika masa imel, abin da na riƙa yi da dare a wayata idan zafin Sakkwato ya ɗan lafa. Amma kusan kowace jami'a tana karɓar kuɗin fom da dala, wasu suna neman jarrabawar GRE ta shiga karatun gaba da digiri na farko, ga kuma dala 350 ta SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, kafin a je ga kuɗin biza, don haka na taƙaita ga wuraren da farfesa ya amsa mini. Turkiyya na rubuta ta a ƙasan shafi, domin tallafin gwamnatinta ana buɗe shi ne daga Janairu zuwa Fabrairu, ya haɗa da masauki da shekara guda ta koyon Turkanci, kuma mai neman digiri na biyu dole ya kasance bai kai shekara 30 ba.

A cikin wannan tsakani wani dillali ya same ni ta hannun abokin aikina, ya ce da naira dubu ɗari biyar zai samo mini tallafi cikakke. Da na tambaye shi sunan hukumar da za ta biya, sai ya shiga kame-kame yana nuna mini hotunan waɗanda ya ce ya tura. Chevening da DAAD da tallafin Turkiyya duk ba a biyan ko sisi wajen nemansu, kuma a ra'ayina duk wanda ya sayar maka da fom na kyauta bai cancanci ka miƙa masa fasfonka ba. Na yi masa godiya muka rabu.

Kafin farkon Nuwamba, lokacin da Chevening take rufewa a waccan shekarar, na koma wurin Baba da littafin, na karanta masa masu biya ɗaya bayan ɗaya da sharuɗɗansu. Wanda ya fi yi masa daɗi shi ne na komawa gida, har ya sa na maimaita masa shi. Inna kuwa tambayarta ɗaya ce, ko akwai masallaci da abincin halal a garuruwan, na ce mata na bincika akwai. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda na rubuta bayanan da Chevening take nema a kan jagoranci da burin aiki, da yadda na samu malamai biyu suka tsaya mini shaida.