Mutum ɗaya muka sa a horo, gida guda ya sha

Ni na karanta sanarwar horon a gaban jama'a, don a lokacin ni ne sakataren dattawa a ikilisiyarmu ta Hausa da ke Sabon Gari. Wani ɗan'uwa ya taɓa kuɗin gini da aka ba shi ajiya, ya zuba a kasuwa, kasuwa ta cinye. Da fasto ya same shi shi kaɗai, ko musu bai yi ba. A Littafi Mai Tsarki kuwa, Matta 18:15 ta ce in mai laifin ya saurare ka, ka maido da ɗan'uwanka ke nan. Sai ya ƙi ji ake ƙara shaidu, sai ya ƙi su ake kai wa ikilisiya. Amma dattawa suka ce kuɗin jama'a ne, dole jama'a su ji. Aka yanke masa wata 6: ba Jibin Ubangiji (gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu), ba riƙe aiki, zama a bencin baya, yana biya da kaɗan-kaɗan.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne yadda 'yan'uwa suka ɗauki maganar. Mu horo muka ce, su kora suka ji. Ranar Litinin labari ya riga shi isa kasuwar Sabon Gari. Masu sayen kaya a wurinsa, waɗanda muke sujada tare, suka riƙa tsallake shagonsa. To, da me zai biya bashin?

Matarsa ce mai buga tulu a zumuntar mata. Ba wanda ya ce mata komai, ta dai zo koyon waƙa ta tarar da tulun a cinyar wata. Bayan sujada ta tare ni a bakin ƙofa, ta durƙusa, ta ce, "Baba, ni ma ina cikin horon ne? A faɗa mini in sani." Yaransu ma sun daina zuwa makarantar Lahadi.

Mutanenmu sun haddace 1 Korintiyawa 5, inda Bulus ya ce a fitar da mai zama da matar ubansa. Wannan fitarwa ce, don laifin da ake yi a fili, jama'a kuma suna taƙama. Ba kowa ke leƙa 2 Korintiyawa 2:6-8 ba, inda ya ce hukuncin ya isa, a yafe, a ta'azantar da mutum kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Galatiyawa 6:1 ma da tawali'u ta ce a komo da mai laifi.

Yanzu ba na sa hannu a takardar horo sai an rubuta dattijon da zai riƙa zuwa gidan mutum, da ranar da za a karɓe shi. A kuma faɗa a kan bagade cewa iyalinsa ba sa ciki, ciniki da gaisuwa ba a hana ba. Wasu na cewa na cika sassauci. Su faɗa.

Ɗan'uwan nan dai ya biya kuɗin kaf, fasto ya karɓe shi a gaban jama'a, aka yi ta tafi. Matar ba ta zo ba, ta riga ta koma wata ikilisiya da yaran.