Asabar a filin faifai

Kwalejin Carleton, Northfield, jihar Minesota, Amurka.

Na idar da sallar asuba ke nan ina shirin komawa cikin bargo, sai maƙwabcin ɗakina ya ƙwanƙwasa ƙofa. Tun farkon zango yake lallaɓa ni in je in ga atisayensu, yau dai na amsa. Sanyin Oktoba ya fara shiga ƙashi, ciyawa duk raɓa, muka taka a ƙafa har fili.

Wasan ana ce masa Ultimate. Faifan roba ne mai nauyin giram 175, kowane ɓangare mutum 7. Wanda faifan ya shiga hannunsa ba ya gudu da shi, sai ya tsaya ya nemi wanda zai jefa wa, mai tsaronsa kuma yana ƙirga masa har 10. In an cafe a ƙarshen filin abokan karawa, an ci maki. Ni ma ina da nawa faifan, wanda aka raba mana a makon sababbin ɗalibai, yana ajiye a kan teburina.

Abin da nake ta juyawa a rai shi ne ƙanƙantar makarantar nan. Carleton ɗalibanta wajen 2,000 ne, kuma ba ta ɗaukar nauyin karatun kowa don ya iya wasa. Duk da haka ƙungiyar maza, CUT, ta ɗauki kofin jami'o'in Amurka a 2001 da 2009 da 2011 da 2017 da 2025, tana gwabzawa da irin su Colorado da Wisconsin, waɗanda ɗalibansu sun ninka namu sau goma har da ɗoriya. Mata ma sun riga maza, don ƙungiyarsu, Syzygy, ta ci nata tun 2000.

Na tambayi maƙwabcin nawa sirrin. Bai amsa da baki ba, sai ya nuna mini gefen fili, inda wani ɗan ajin ƙarshe ya durƙusa yana gyara wa sabon shiga riƙon yatsu. Daga baya maƙwabcin ya ce a nan kusan kowa yana jifa, akwai ƙananan ƙungiyoyi ga wanda bai kai babbar ba, kuma da suna ya fita, yaran da suka taso da wasan a sakandare, irin na birnin Seattle, suka riƙa zaɓar nan da kansu. In dusar ƙanƙara ta rufe fili, sai a koma cikin zauren wasanni a ci gaba.

Amma wani abu ne daban ya kama ni. Mutum biyu suka yi tsalle kan faifai ɗaya, suka yi karo, faifan ya faɗi. Ɗaya ya ce an taɓa masa hannu. Wasa ya tsaya cak. Na waiga ina neman alƙali, babu shi. Su biyun suka yi magana ƙasa-ƙasa, bai fi rabin minti ba, sai mai tsaron ya gyaɗa kai, ya ɗauko faifan ya miƙa wa wancan. Kuma fa mai tsaron yana neman gurbi ne a ƙungiyar, idon manya a kansa. Ko a gasar ƙasa, 'yan wasa ne ke fara yanke hukunci, masu sa ido suna shiga ne in an kasa daidaitawa. Na taso ina kallon ƙwallo inda ake faɗuwar ƙarya don a samu fanareti, shi ya sa abin ya girgiza ni.

Da aka tashi, ɗan ajin ƙarshen nan ya koya mini jifan gefe, yatsu biyu a ƙarƙashin bakin faifan, ƙarfin duk a wuyan hannu. Na takwas ne ya tafi a miƙe, ya sauka a hannunsa.

Bayan la'asar na sauko da faifaina daga tebur, na goge ƙurarsa, na sa a jaka. Talata da yamma akwai wasan da kowa ke iya shiga, na riga na rubuta sunana.