Injin zarton kawuna: yadda na gano asalinsa na kuma tayar da shi

Bayan rasuwar kawuna, Allah ya jiƙansa, lokacin da muke kwashe kayan ɗakin ajiyarsa a Garwa ta ƙasar Kamaru, sai muka ci karo da wani injin zarto a ƙarƙashin tsofaffin buhuna, baƙin mai da ƙura sun lulluɓe shi har launinsa ba ya ganuwa. 'Yan uwa suka ba da shawarar a sayar wa masu sayen ƙarfe a kilo, ni kuwa na roƙa a bar mini shi, domin tun ina yaro nake jin labarin shekarun da kawu ya yi yana tsaga katako a dazukan da ke kudu da Ngaundare, kuma da wannan injin ya ciyar da gida har ya aurar da ƙannensa.

Abin da na fara yi shi ne hana yaran gida jan igiyarsa. Injin da ya shekara da shekaru a ajiye, idan aka ja shi da ƙarfi alhali tsatsa ko yashi na cikin silinda, fistin zai karce bangonta, kuma lalacewar da za a yi a minti ɗaya ta fi wadda zaman shekara ashirin ya yi. Saboda haka na sa kananzir da tsohon burushi na yi kwana biyu ina wanki kawai, ban kwance ko noti ɗaya ba.

Wankin ne ya fara ba ni labarin injin. Launin ruwan lemo ya bayyana a murfin sama, jikin kuma fari mai sirkin toka, sannan sunan Stihl ya fito. Amma suna shi kaɗai ba hujja ba ne, domin kasuwanninmu daga Garwa har Kusiri da Njamena cike suke da injunan kwaikwayo masu wannan launi da wannan siffa. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne rubutun da aka zuba a jikin ƙarfen mai nuna cewa a Jamus ta Yamma aka ƙera shi, kuma tunda an haɗe Jamus biyu a 1990, injin ya girmi wannan shekarar. Kamfanin da kansa Andreas Stihl ne ya kafa shi a 1926 a birnin Stuttgart, ya fara da zarto mai aiki da lantarki wanda sai mutum biyu ke riƙe shi, ya fitar da mai aiki da fetur a 1929.

Hujja ta biyu ita ce lambobin da ke jikin sassan. Kusan duk inda na goge, lambar tana farawa da 1106, wadda ita ce lambar dangin injuna uku: Contra, wanda ya fito a 1959 ya kuma sauya aikin daji domin mutum ɗaya na iya sarrafa shi, sai magadansa biyu, 070 da 090, waɗanda suka fito a 1968. A ido 070 da 090 kamar tagwaye suke, kuma masu gyara kan ɗauki murfin wannan su ɗora wa wancan, don haka ban dogara da murfi ba. Bambancin na ciki ne. Faɗin silindar 070 milimita 58 ne, girman injin kuma sisi (cc) 106, alhali 090 yana da milimita 66 da sisi 137. Da na cire silinda na auna, sai na sami 58 daidai. Daga baya, da na ƙara goge ƙaramin farantin da ke kan murfi na karkata shi wajen hasken rana, na ga inuwar lambobi uku da fenti ya bari, sifili da bakwai da sifili, ma'auni da rubutu suka gaskata juna.

A ganina wannan mataki na gano asali ya fi kowane mataki muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Wanda bai san injin da ke hannunsa ba zai je kasuwa ya sayo zoben fistin ko gaskit da ido, ya dawo ya tilasta musu shiga, sannan ya ɗora wa injin laifi.

Cikin silindar ya ba ni mamaki. Bangonta sumul yake, babu karce mai zurfi, fistin ma lafiyarsa ƙalau, sai dai zobbansa biyu sun manne a cikin raminsu saboda baƙin hayaƙi da ya daskare. Na jiƙa fistin a kananzir kwana uku, zobe ɗaya ya saki, ɗayan ya karye, don haka na sauya duka biyun. Salansa kuwa zanzaro ya gina gidansa na laka a cikinta, ga kuma daskararren hayaƙi da ya kusa toshe ƙofar, sai da na kankare na ƙona ta.

A ƙasan tankin mai na ga wani farin gari da ƙananan ramuka, inda injin ya daɗe yana zaune kan siminti mai laima. Na yi niyyar kai shi wurin mai walda, amma wani dattijon makanike a unguwarmu, wanda ya yi zamani da irin waɗannan injuna, ya dakatar da ni. Ya ce mini, ɗana, wannan ba ƙarfen alminiyam ba ne, ya kankare wuri kaɗan ya ɗiga ruwan binigar, nan take wurin ya fara kumfa. Jikin injin na maganiziyam ne, ƙarfe mara nauyi wanda ke iya kamawa da wuta mai tsananin haske idan wanda bai san shi ba ya sa masa harshen walda. Muka goge wurin har ƙarfe mai kyau ya fito, muka cike ramukan da gam mai haɗi biyu, muka bar shi ya bushe kwana biyu kafin a gwada shi da fetur.

Kafireta ce ta fi cin lokacina. Ta kamfanin Tillotson ce, irin wadda ba ta da kwanon mai kamar na babur, tana aiki da siraran fatun roba da ke motsi da bugun injin, abin da ke ba zarto damar yin aiki a kwance ko a karkace. Waɗannan fatun sun bushe sun yi tauri kamar busasshen ganye. Na sami sababbi, na wanke kowace kafa, na sauya tiyon mai da matacinsa. Kusoshin daidaita mai guda biyu, mai alamar H da mai alamar L, na mayar da su a hankali har suka zauna, sannan na warware kowanne zagaye ɗaya a matsayin mafari. Na kuma sauya robobin da ke toshe gefen karanshaf biyu, ko da yake a ido ba su nuna lalacewa ba, domin idan suna shigar da iska, mai zai yi ƙaranci a cikin haɗin, injin ya riƙa gudu fiye da kima har fistin ya ƙone. Akwai kuma wani ɗan fiffike kusa da fankar injin wanda iska ke turawa don rage gudu idan ya wuce iyaka. Wasu kan cire shi wai don ƙarin ƙarfi, ni kuwa na wanke shi na mayar da shi mazauninsa.

Wuta ba ta wahalar da ni ba. Na goge bakin filatin, wato 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa don a sami tartsatsi, na bar tazarar kusan milimita 0.4, na sa sabon fulogi, wanda makanikan nan suka fi kira buji, na ba shi tazarar milimita 0.5, tartsatsi ya fito shuɗi.

Game da mai, na yanke wa kaina hukuncin kada in zuba masa zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya, sai na tace shi da ƙyalle mai tsabta, domin ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi ya isa ya toshe waɗannan ƙananan kafofi. Ina haɗa mililita 40 na man injin mai bugu biyu a kowace lita ta fetur, wato kashi 1 cikin 25, irin haɗin da aka saba yi wa injunan wancan zamani. Sarƙar kuwa mai girman .404 ce, na wasa haƙoranta da zagayayyen magagari na milimita 5.5 a kan kusurwar digiri 30. Da na duba tsohuwar sarƙar da na samu a jikinsa, sai na ga an wasa ta kusan a miƙe, wajen digiri 10, irin wasan masu tsaga gungume a tsaye don fitar da katako. Wannan sarƙar ban jefar da ita ba, domin hannun kawu ne ya bar wannan alama a kanta.

Ranar da na gwada shi, bayan sallar la'asar, na danna maɓallin rage matsin silinda, na taka shi da ƙafa, na ja. A ja na shida ya yi tari, a na takwas ya kama da wata murya mai kauri wadda ta bambanta da kukan sababbin injuna, har gwaggo ta fito daga ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe ba ta ce komai ba.

Injin ba shi da birkin sarƙa, ba shi da robobin rage girgiza, nauyinsa kuma ya haura kilo goma tun kafin a ɗaura masa sarƙa da takobi, wato dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kansa. Idan saman hancin takobin ya taɓa itace, yana iya zabura ya yo kan mai riƙe da shi, kuma babu abin da zai tsayar da sarƙar, saboda haka ba na ba da aronsa, kuma ba na kai shi kan itace mai rai a ƙasar da inuwa ke da tsada kamar tamu. Aikinsa na farko shi ne wata dalbejiya da guguwar farkon damina ta kayar a ƙofar masallacin unguwa ta tare hanya. Na yanka ta gunduwa-gunduwa kafin azahar, aka raba itacen ga gidaje huɗu, na koma gida na zubar da sauran man tankin, na goge injin, na ɗora shi a kan katako nesa da siminti.