Kaset ɗin da ba kamfani ya buga ba

Ina ɗan shekara goma sha biyu kawuna ya zaunar da ni a shagonsa na gyaran rediyo a Jidda, inda muke kwafar kaset ɗin Shata da na wa'azi ga alhazan da ke shirin komawa gida. Kalmar da ya fi maimaita mini ita ce: "Ɗana, kunne ne ke gyara, hannu bin umarni yake yi." Da wannan kunnen nake cin abinci har yau, sai dai aikin ya kai ni inda ban taɓa tsammani ba.

A kasuwar gwanjo ta Sawarik na sayi wani kwali na tsofaffin kaset, ga alama wani Bature ma'aikaci ne ya bar shi. A ciki na tarar da wasannin Pink Floyd, ƙungiyar makaɗan da ta taso a Landan a 1965, waɗanda 'yan kallo suka naɗa a ɓoye. Ɗaya daga cikinsu na gidan wasa na Rainbow ne, na watan Fabrairun 1972, inda suka kaɗa The Dark Side of the Moon shekara guda kafin faifan ya fito, kiɗan bai gama nuna ba, wasu sassan ma daban suke da abin da duniya ta sani. Daga ranar na gane abin da masu tara irin wannan kaya suke nema.

Yanzu aikina shi ne ceto irin waɗannan kaset zuwa kwamfuta. Zafin Jidda da danshin teku ba sa raga wa zaren kaset, don haka nakan buɗe gidansa, in goge fumfuna, in maye ɗan audugar da ke tokare zaren idan ta faɗi. Sannan in sa abin ji a kunne, in riƙa juya ɗan ƙaramin sukurun kan rikoda a hankali har sai amon faranti na mai ganga ya fito tas daga cikin shuu. Gudun kaset santimita 4.76 ne a daƙiƙa, amma rikodar mai ɗauka a ɓoye batirinta na raunana a tsakiyar wasa, sai in bi sautin in daidaita shi gaɓa-gaɓa. Kaset ɗaya yakan ci mini kwana uku. Waƙar ba tawa ba ce, ba na sayar da ita. Ladan gyara kawai nake karɓa.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu sauke sauti daga intanet, su zuba a tsohon kaset, su ce daga hannun mai ɗauka ya fito. Wani abokin ciniki ya kawo mini wanda aka ce na Mike Millard ne, mutumin da ya riƙa ɓoye rikodar Nakamichi a keken guragu, na wasan Pink Floyd a Los Angeles na 1975. Da na ɗora shi a kwamfuta, sai ga sautin sama an datse shi kamar da reza, alamar daga intanet aka sauke shi. Na ce, "Alhaji, an cuce ka." Ya biya kuɗi mai yawa a kan jabu, amma da muka zo kan ladana sai da ya nemi ragi.